Mayestro Labo, Uban Rok na Ƙonni

Kowane gari na da mutum ɗaya da Allah ya ajiye domin ya riƙa tuna wa jama'a cewa ba su san komai ba. Birnin Ƙonni ta yi sa'a, nata bai taɓa zuwa hutu ba. Sunansa Labo Mahaman, amma wanda ya kira shi haka ya yi asarar yawunsa. Sai ka ce Mayestro sannan zai juyo, shi ma a hankali, kamar tirela tana kwana a bakin tasha.

Mayestro ne ya kawo kiɗan rok ƙasar nan. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma ba a sami mai jayayya ba, domin babu wanda ke son a ɗora masa laifin. A shekarar 1972 ya bi wata motar albasa zuwa Abijan yana yaron mota. Ya yi wata bakwai, ya dawo da jar jita mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, da wando buje, da takalmi mai kaurin bulo, da kalmomin Faransanci kamar goma sha biyu. Ya iya kamun waya iri uku. Sauran, in ji shi, na masu neman suna ne.

Ya tara abokai huɗu suka kafa orkes, wato ƙungiyar makaɗa, mai suna Tsawar Adar. Sun yi wasa a bikin ma'aikatan siminti a Malbaza. Sun yi a Illela. Sun yi sau ɗaya a Badagishiri ranar kasuwa, inda jakuna goma sha ɗaya suka tsinke igiya suka nufi fadama, abin da Mayestro ke lissafawa cikin manyan nasarorinsa har gobe. Makaɗan kalangu da na gurmi na wancan zamani sun ce abin da yake yi ƙarar injin niƙa ce. Ya amsa musu da cewa tsufa ne ya toshe musu kunne. Ya manta da wannan magana sarai, mu ma bai kamata mu tuna masa ba.

Bai taɓa yin kaset ba. Kada wani ya ɗauka ba a gayyace shi ba ne. Ba a ƙera na'urar da za ta iya ɗaukar nauyin sautinsa ba tukuna, kuma shi mutum ne mai tausayin na'ura.

Shekaru suka yi ta wucewa ba tare da sun nemi izininsa ba. Mai babbar jita ya je Makka ya dawo ya ce ya tuba. Mai busa ya sami aikin gadi. Chindo mai ganga, wanda suka fi daɗewa tare, ya buɗe rumfar faci a hanyar duwan, ofishin kwastan, yana dukan tayoyi da guduma, mutane suna cewa bai taɓa riƙe kiɗa daidai kamar yanzu ba. Mayestro kaɗai ya tsaya a kan gaskiya. Sumar nan tasa mai kama da kwando ta janye daga tsakiya ta koma gefe biyu, shi kuwa yana bin abin da ya rage da baƙin rini. Yana sa rigar fata ko a watan Afrilu, lokacin da kadangaru ma ke neman inuwa, sai rinin ya biyo gumi ya zubo masa ta bayan kunne. Kullum da hantsi yakan fito da kujera ƙofar gida, ya ɗora jitar a cinya, ya zauna yana kallon titi da idon wanda aka ci amanarsa. A cikin gida matarsa Barira na ƙulla ƙanƙara da zoɓo a leda, da su ake sayen hatsi. Mayestro bai san farashin tiya ba. Mai fasaha ba ya shiga irin wannan ƙananan maganganu.

Ya yi yaƙe-yaƙe da yawa daga kan kujerar nan. Da disko ya zo, ya ce kiɗan masu ciwon baya ne. Da kiɗan Zayar ya cika gari, ya ce ƙugu ne kawai babu tunani. Da aka fara kawo fiyano mai ganga a ciki, wanda mutum ɗaya zai danna ya sallami orkes guda, ya kwana uku ba ya amsa gaisuwa. Ya ce ranar da aka ɗauki akwati aka kira shi makaɗi, ranar ce ƙasa ta mutu, ba a dai sanar a rediyo ba ne. Duk waɗannan abokan gaba sun ci bukukuwansu sun ƙoshi ba su ma san ana yaƙi da su ba. Shi kuwa rabonsa da hawa dandamali shekara tara.

Sai ga rap, a shekarar 1998.

Wani saurayi ne ya kawo masa shi har gida. Sunansa Saminu, yana kabu-kabu tsakanin tasha da bakin iyaka, shekarunsa ashirin da uku. Shi da abokansa biyu sun tsara waƙa kan wahalar masu moto, wato babur: tsadar mai, ramukan hanya, fasinjan da zai hau da buhu biyu da akuya ya ce shi kaɗai ne. Suna da fiyanon haya da rakoda mai kaset biyu. Abin da suka rasa shi ne jita, kuma mahaifin Saminu ya taɓa gaya masa cewa a da akwai wani mai jita a unguwar kasuwa, in yana raye. Suka zo da ladabi, suka durƙusa, suka ce Baba ina wuni. Suka ajiye goro. Saminu ya ɗora rakoda a ƙasa ya danna wurin ɗauka tun da wuri, yana tsammanin dattijon zai taɓa musu ko da waya ɗaya ce.

Mayestro ya bar su a rana ya ce su fara rera abin ya ji. Suka fara. Ɗaya na buga kiɗa da baki, biyu na zuba magana kamar ana zazzage gyaɗa a faranti. Ba su kai rabi ba ya ɗaga hannu. Ya miƙe, ya gyara rigar fata, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ku saurara, ɗiyana. Ni da kuke gani, na yi kiɗi gaban mutum dubu a Malbaza, ƙurar siminti na zuba bisa kaina, ban ƙyafta ido ba. Na san mizik tun ba a aza ma uwayenku lalle ba. Mizik na da dokoki. Akwai antire, akwai solo, akwai final. Ku kau mi kunka kawo? Hwaɗan 'yan tasha kunka ɗauko kunka sa mishi wando. Wanga ba kiɗi ba na. Surutu na, surutu. Wala. Ku kwashe goronku."

Goron dai bai bari an kwashe ba, yana ƙarƙashin kujerar. Samarin suka yi godiya suka tafi. Mayestro ya zauna yana jin daɗi, ya leƙa cikin gida ya gaya wa Barira cewa yau ya ceci ƙasa. Ta ce madalla, ta roƙe shi in ya gama ya miƙo mata ledar da iska ta kai ƙafarsa.

Bayan mako uku yana wucewa ta gaban mai shayi sai ya ji an yi gyaran murya sau biyu a cikin rediyo. Ya tsaya, don ya san muryar. Ganga ta faɗo, sai ga shi da kansa yana cewa wanga ba kiɗi ba na, surutu na, surutu. Ganga ta sake faɗowa, ya sake faɗa. Samarin sun yanka maganar sun jera ta bayan kowane baiti, ta zauna a kan kiɗan daram kamar don ita aka yi shi. Mutum shida a kan benci suna kaɗa kai da kofuna a hannu. Ɗayansu ya waiwayo ya gan shi, ya zungure na kusa, duk suka tashi tsaye.

Kaset ɗin ya tafi inda Tsawar Adar ba ta taɓa zuwa ba. Direbobin siminti suka kai shi Tawa da Maraɗi. 'Yan kasuwa suka tsallaka da shi Sakkwato, ana sayar da shi da naira. Mata na daka da shi. Yara na fitowa daga lakwal, makarantar boko, suna yin gyaran murya sau biyu kafin su ce wa juna surutu na. Kafin wata ya ƙare babu mai cewa Mayestro. Ƙonni ta raɗa masa sabon suna, Baba Surutu.

Ya sa takalmin bulo ya nufi wajen jandarma ya kai ƙarar satar murya. Jandarman ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi kujera, ya ce dole a saurari abin da ake ƙara a kai. Aka sa kaset. Aka saurara har ƙarshe, aka mayar aka sake, domin shari'a ba ta son gaggawa. Mayestro ya lura ƙafar jami'in na motsi a ƙarƙashin tebur. Daga ƙarshe aka shaida masa cewa muryar tana nan a maƙogwaronsa, ba a ga abin da ya ɓata ba, amma za a kira yaran a yi musu faɗa. Da zai fita jandarman ya biyo shi har ƙofa ya roƙe shi ya faɗa sau ɗaya, saboda abokan aiki.

Ya fito yana huci. Sai dai hanyar gida tana da tsawo, kuma a kanta abubuwa suka faru. Wani mai kabu-kabu ya tsaya ya ce Baba hau in kai ka, ya ƙi karɓar ko dala. Mai tsire ya miƙo masa tsinke biyu. Wasu 'yan mata suka rufe baki da gyale suna nuna shi. Shekara tara ba wanda ya nuna shi da yatsa sai masu tambayar gidan mai ƙanƙara. Ya isa gida da sauran fushi kaɗan, ya neme shi washegari bai same shi ba.

Manyan mutane ba sa canza ra'ayi, ra'ayinsu ne ke faɗaɗa. Cikin kwana goma Mayestro ya gano cewa rap jikan rok ne. Cikin kwana ashirin ya tuna cewa shi ne ma ya ƙirƙiro shi, a Illela, a 1975, ranar da baitin waƙa ya ɓace masa ya ci gaba da magana a kan ganga. Chindo, da aka tambaye shi a rumfar faci, ya ce ya tuna ranar, amma a iya saninsa zagin mai makirufo ake yi. Mayestro ya sayi hular hana-salla ya juya ta baya. An ce don ya yi daidai da zamani ne, ko da yake ta kuma rufe wurin da rini ya kasa kaiwa. Yanzu in samari suka taru a ƙofarsa sai ya yi musu bayani.

"Yaran ga suna da baiwa, amma ba su da tushe. Ni na tushen. Ku cire muryata cikin kaset ɗin ga, mi ya rage? Surutu. To da murya kaɗai na yi haka. Ku jira ranar da za ku ji jita."

Ranar ta zo. Alhaji Dogo mai tireloli zai aurar da ɗansa, angon kuma ya ce ba ya son kowa sai su Saminu, kuma lallai a zo da Baba Surutu a gan shi da ido. Saminu ya zo ya durƙusa kamar wancan karon, ya ba da haƙuri kan abin da ya wuce, ya isar da saƙo. Mayestro ya sa shi ya jira har ya gama yanke farce. Sannan ya gindaya sharuɗɗa: a rubuta sunansa a saman allo, a ba shi kujera mai hannu, kuma a tsakiyar waƙa kowa ya ja baya ya yi solo na minti goma. Saminu ya haɗiye yawu ya ce to, Baba.

Aka fito da tsohon ampili, akwatin ƙara wa jita sauti, daga ƙarƙashin gado, aka kori ɓerayen da suka yi zuriya uku a ciki. Kwana shida Mayestro na gwaji a tsakar gida. Kajin Barira suka daina ƙwai. Maƙwabcinsu ya tuna yana da ɗan'uwa marar lafiya a Malbaza ya tafi dubiya. Saminu ya zo rana ta huɗu ya tsaya a zaure ya saurara, ya koma ba tare da ya yi sallama ba. Mayestro ya ce kwarjini ne ya kore shi, haka ake yi wa ƙanana.

Ran biki bayan la'asar aka kafa rumfuna a filin ƙofar gidan Alhaji. Mata a gefe ɗaya cikin anko, maza a gefe ɗaya, masu moto sun kewaye filin kamar shinge. Tanimun mai gyaran wuta, wanda aka ɗauka ya kula da kayan sauti, ya ja waya ɗaya daga cikin gida ya rarraba ta. Chindo ya rufe rumfar faci ya zo ya zauna kusa da lasifika, don a cewarsa duk abin da zai faru gara ya faru a gabansa. Barira na bayan dandamali da kularta tana sayar da zoɓo.

Mayestro ya hau a ƙarshe, da rigar fata da hula a juye da jar jita a wuya. Filin ya ɗauki ihu. Ya ɗaga hannu ɗaya kamar mai tsayar da mota. Fiyano ya saki ganga, samarin suka fara zuba baiti, da aka zo wurinsa ya matsa ga makirufo ya yi gyaran murya sau biyu, ya faɗi kalmominsa. Mutum ɗari biyar suka faɗa tare da shi. Har Alhaji Dogo an ga leɓensa na motsi.

Sai lokacin solo. Samarin suka ja baya, ganga ta ci gaba. Mayestro ya runtse ido ya afka wa wayoyin. Shekarun da ya yi yana tsayawa gaban lasifika sun cinye masa kunnen hagu da rabin na dama, don haka ya daɗe da daina sauraron kansa, a yatsu yake ji. Kuma yatsun sun gaya masa cewa yau ranar ce. Ya bi wuyan jitar sama da ƙasa. Ya ɗaga ta bayan ƙeya. Ya kai ta baki zai ciza, ya tuna haƙoran gaba ba nasa ba ne, ya fasa. Jama'a na rawa, ƙura ta tashi, mata na fitowa suna manna masa kuɗi a goshi, gumi da rini na riƙe su da kyau. A minti na takwas ya zube a kan gwiwoyinsa ya lanƙwasa baya kamar yadda yake yi a Malbaza. Zubewar ta yi kyau ƙwarai. Tashin ne ya gagara. Ya ƙarasa minti biyun a nan ƙasa, mutane na ɗauka salo ne, sai da Chindo da Saminu suka kama shi ta hammata suka miƙar.

An yi tafi mai tsawo. Wata tsohuwa ta ce ita da aka ce mata da jita za a zo har ta yi niyyar komawa gida, ashe abin ba ya da damuwa. Chindo ya riƙe hannunsa ya ce shekara goma sha bakwai ya yi yana binsa da ganga, bai taɓa jin ya tafi daidai da kiɗa ba sai yau. Idon Mayestro ya kawo ruwa. Ya karɓi makirufo, domin irin wannan rana ba a barinta ba jawabi.

"Mesiye-dam, jama'ar Ƙonni. Yau kun ji da kunnuwanku. Akwati na iya yin ganga, yaro na iya yin surutu, amma abin da ya tashe ku tsaye yanzu, hannu na. Hannu da waya shida. Wanda bai ji bambanci ba, shi tahi likita."

Yana cikin sauke numfashi Tanimun ya hau dandamali yana naɗe wayoyinsa, ya tsaya gefensa yana sosa ƙeya. Shi ba mutum ne mai iya ɓoye abu ba, kuma bai lura makirufon na kunne ba. Ya ce Baba a gafarce shi. Tun kafin a fara, Goggo, yayar Alhaji, ta aiko cewa zafi zai kashe ta, a kunna mata fanka, ga shi ramin wuta huɗu ne kawai kuma duk a cike. Dole ya cire ɗaya. Ya nuna bayan dandamali, inda kan wayar ampilin ke kwance cikin rairayi, fankar Goggo kuwa na ta juyawa a rumfar mata.

Mayestro ya dubi wayar, ya dubi Tanimun. Ya tambaye shi da ƙaramar murya wa ya ba shi izinin zaɓar wannan.

"Ai ban yi gaban kaina ba, Baba," in ji Tanimun, lasifika na kai maganar har bakin titi. "Mutum uku na tambaya wacce za a cire ba a yi asara ba. Saminu ya nuna ta, Chindo ya nuna ta. Inna Barira kau ba ta ko tsaya nunawa ba, da hannunta ta cire."